Daga Busa Buji Zuwa Berlin: Ƙarshen Makon da Kano Ba Ta Runtsa Ba

Tun da aka idar da sallar la'asar ranar Lahadi, 14 ga Yulin 2024, masu gidajen kallon ƙwallo a Kano suka shiga lissafin da ba sa so: lita nawa inji zai sha kafin gari ya waye? Wasan ƙarshe har biyu ne suka faɗo a dare ɗaya. Na farko a Berlin, na kofin nahiyar Turai, tsakanin Sifaniya da Ingila, da ƙarfe 8 na dare agogon Najeriya. Na biyu a Miami, na kofin Copa America, tsakanin Ajantina da Kolombiya, an sa shi ƙarfe 1 na dare. Wutar NEPA kuwa ba abar da mai sana'a zai jingina da ita ba ce, ballantana kwana takwas kacal da durƙushewar babban layin wutar ƙasa a ranar 6 ga wata. Sai dai jarka da layin gidan mai, inda lita ta daɗe da haura naira 600.

A bakin ƙofa yaron gida ya goge baƙin allo da tsumma, ya rubuta sunayen ƙasashen huɗu da alli, ya ja layi a ƙarƙashin kuɗin shiga. A ciki ana jera benci, ana kakkaɓe fanka. Wani ya hau kwano yana gyara zaman dish, domin damina ta kankama, kuma kowa ya san hadari guda ya isa ya ɗauke hoto a daidai lokacin da ake shirin buga kwana.

Ƙwallon ita ce ta rufe kwanakin. Kafin a kai gare ta, mutumin Kano ya riga ya sha kallo da saurare tun daga safiyar Juma'a, wani abin ya sa shi dariya, wani ya sa shi salati, wani kuma ya wuce ta gaban idonsa da saurin da bai kamata ba.

Juma'a: hira ta koma jaje

Da safiyar Juma'a, 12 ga wata, zancen da ke bakin teburin mai shayi shi ne hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke jiya Alhamis. Alƙalai bakwai ne suka zauna, Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta, a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar da gwamnonin jihohi 36. Kotun ta ce daga yanzu a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya, ta kuma ce gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomin riƙo. A jihar da ke da ƙananan hukumomi 44, fiye da kowace jiha a ƙasar, kuma duk a hannun 'yan riƙo a lokacin, wannan ba ƙaramin zance ba ne. Masu murna suna lissafin rijiyar burtsatse da asibitin ƙauye da kwalbati. Waɗanda suka ga jiya suka ga yau suna cewa a bari dai a ga kuɗin sun sauka tukuna.

Kafin a tafi masallaci zancen ya sauya. Daga Jos aka fara turo hotuna: ginin bene na makarantar Saints Academy da ke unguwar Busa Buji, a ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, ya rufto a kan ɗalibai da malamai ana tsakar jarrabawa. Mutanen unguwa ne suka fara isa, da shebur da diga da hannu tsura, kafin motocin tono su zo. A bidiyon da suka yi ta yawo, ana jin muryar iyaye mata suna kiran sunayen 'ya'yansu a kan tarin bulo da rodi. Zuwa dare 'yan sanda suka ce mutum 154 ginin ya danne, 22 sun rasu, 132 suna asibitoci. Gwamnatin Filato ta umarci asibitoci su karɓi kowa ba tare da neman kati ko kuɗi ba, Gwamna Caleb Mutfwang kuma ya ayyana makoki na kwana uku.

Jos ba baƙon gari ba ne ga Kano. Da wuya a sami unguwa a birni da ba ta da ɗan'uwa a can, ko suruki, ko abokin ciniki da ke turo dankali da kabeji. Kuma irin wannan masifa ba sabuwa ba ce. A Maris na 2019 wani bene mai makaranta a samansa ya rushe a Ita Faji ta Legas, ya kashe mutum 20. A Nuwamban 2021 dogon benen Ikoyi mai hawa 21 ya kashe fiye da 40. A Kano ma, a ƙarshen Agustan 2022, wani bene da ake ginawa a titin Beirut ya faɗo a kan 'yan kasuwar waya. Dalilan duk magina sun san su: a rage siminti a ƙara yashi, a sa siririn rodi inda ake buƙatar mai kauri, a ɗora hawa a kan tushen da ba a yi shi don ɗaukar hawa ba, mai duba gini kuma ya sa hannu daga ofis. A Busa Buji hukumomi sun ambaci raunin ginin da kusancinsa da bakin rafi, ga ruwan sama da aka kwana biyu ana yi. Yaran da suka fita da biro da fensir da safe, da yamma aka je ana neman su a ɗakin ajiye gawa.

Asabar: anko, tsaraba da titin Zoo

Duk da haka Asabar ta zo da hidimarta, domin Kano ba ta ɗaga ɗaurin aure. Tun ƙarfe 10 na safe ake ganin shadda mai sitaci da hula zanna a ƙofar masallatan unguwa. Wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, a faɗi sadaki a bainar jama'a, a shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar an ɗaura, sai a shiga rabon alawa da dabino. Mai katin gayyata uku ya san dabarar: ya tsaya a gefe inda ango zai gan shi, ya yi musabaha, a ɗau hoto, ya tsare adaidaita sahu ya nufi na gaba. Da yamma kuma fagen na mata ne, kamu ko wuni, kowace ƙungiya da kalar ankonta.

Wanda ya lura zai ga bikin 2024 ya sha bamban da na shekara biyu baya. A lokacin buhun shinkafa ya haura naira 70,000 alhali mafi ƙarancin albashi yana nan a 30,000. Gidaje da yawa sun haɗe kwanakin biki uku zuwa ɗaya, sun yafe dina, sun rage akwatunan lefe. Uwar amarya da a da za ta sauke tukunya biyar, yanzu tana ƙirga robobin abinci da idonta. A farkon makon ne Ministan Noma Abubakar Kyari ya sanar da janye harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, amma a kasuwannin Dawanau da Singa ba a ga alamar sauƙin ba tukuna.

Ga kuma zagayen yi wa alhazai sannu da zuwa, don jiragen ƙarshe suna ta sauka a wannan tsakanin. Hajjin 2024 ya zo da tsada da zafi: kujera ta haura naira miliyan 6, kuma hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 ne suka rasu, yawancinsu saboda tsananin rana. Shi ya sa gaisuwar ta fi ta kullum nauyi. A falon sabuwar hajiya ana zuba zamzam a ɗan ƙaramin kofi, a miƙa dabino uku da carbi ko hula, ita kuma tana ba da labarin tafiyar ƙasa daga Muzdalifa zuwa wajen jifa, tana nuna tafin ƙafarta.

Masu yara kuwa titin Zoo suka nufa. Gidan namun dajin da ke ɗauke da sunan Audu Bako, gwamnan farko na jihar Kano, wanda kuma ya gina madatsun ruwan Tiga da Bagauda, har yau shi ne wurin shaƙatawar talaka. Da kuɗi kaɗan uba zai shiga da 'ya'ya biyar su ga zaki da kura da jimina da kada, su tsaya gaban kejin birai har sai an ja su. Damina ta sa wurin ya yi kore shar, masu hoto na bin iyali suna roƙon a tsaya a ɗauka, a bakin ƙofa kuma ga gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa. Kaɗan gaba, a katafaren kantin Ado Bayero Mall, zirga-zirga ta ragu tun da Shoprite ya rufe reshensa a watan Janairu, bayan kusan shekara goma. Samari da 'yan mata suna zuwa har yanzu, amma yawanci don iska mai sanyi da hoto, sayayya sai mai hali.

Bikin Mumbai a tafin hannu

A wajen wunin biki, tsakanin guɗa da liƙi, wayoyin mata suna nuna wani bikin. A Mumbai, Mukesh Ambani, mai kamfanin Reliance kuma attajirin da ya fi kowa kuɗi a nahiyar Asiya a lokacin, yana aurar da ƙaramin ɗansa Anant ga Radhika Merchant. An ɗaura ranar Juma'a, aka yi taron sa albarka ranar Asabar wanda Firaminista Narendra Modi ya halarta, aka yi liyafa ranar Lahadi. Tun a watan Maris aka fara shagulgulan, lokacin da Rihanna ta yi waƙa a Jamnagar. Tsoffin firaministocin Birtaniya biyu, Tony Blair da Boris Johnson, sun je, Kim Kardashian ta je, ɗan kokawa John Cena ya je, mawaƙin Najeriya Rema ma ya hau dandamali. Kafafen labarai sun yi ta ƙiyasta kuɗin da aka kashe a ɗaruruwan miliyoyin daloli.

Sai dai a Kano ba waɗannan aka zuba ido a gani ba. Shah Rukh Khan ake nema, da Salman Khan, da Amitabh Bachchan, da sarin da matan Bollywood suka ɗaura. Wannan soyayya tsohuwa ce. Tun shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suka fara kawo finafinan Indiya gidajen silima irin su Rex da Palace, daga baya El Dorado da Plaza da Marhaba suka ɗora. Kakannin matan da ke zaune a wajen wunin nan sun haddace waƙoƙin da ba su san ma'anarsu ba, jikokinsu kuma sun taso da fassarar Algaita, inda jarumin Indiya ke zazzaga Hausar Fagge. Tela a Kantin Kwari zai iya shaida cewa ɗinkin da aka gani a irin wannan biki ba ya wata guda bai iso teburinsa ba, a hoton waya, da umarnin a yi irinsa sak.

Talabijin ɗin falo ma ta canja matsayi. Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ita ta dawo da al'adar iyali su zauna jiran shiri mai dogon zango, da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Gidan Badamasi. Amma tun da Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka nuna cewa YouTube ma kasuwa ce, kallo ya rabu gida-gida, ɗaki-ɗaki. A daren Asabar irin wannan, idan babu wuta, uwa tana kan tabarma da wayarta, 'yan mata sun haɗa kai a kan wata, maigida yana ƙofar gida da rediyo. Mai cajin waya a bakin layi shi ne ya san yawan masu kallo a unguwa, domin duk a rumfarsa ake kwana.

Mawasi da rana, Butler da dare

A wannan Asabar ɗin, tun da hantsi, jiragen Isra'ila suka yi ruwan bama-bamai a Mawasi, kusa da Khan Yunis, yankin da ita kanta Isra'ilar ta ce Falasɗinawan da aka kora daga gidajensu su koma don tsira. Ma'aikatar lafiyar Gaza ta ce aƙalla mutum 90 suka rasu, kimanin 300 suka jikkata. Isra'ila ta ce Mohammed Deif, shugaban reshen soji na Hamas, take nema, tare da kwamandan Khan Yunis Rafa Salama. Sai a ƙarshen Janairun 2025 Hamas ta tabbatar da mutuwar Deif. Hotunan da suka fito a ranar na tantuna ne da suka ƙone, da wani ƙaton rami a cikin yashi, da mutane suna ɗaukar 'yan'uwansu a bargo da amalanken jaki. Wata tara ke nan ana yaƙin, kuma a masallatan Kano an sha yin alƙunuti a kansa. Labarin ya riƙe kan gaba a tashoshin duniya na sa'o'i ƙalilan.

Da ƙarfe 11 da minti 11 na dare agogon Najeriya, Donald Trump yana tsaye yana jawabin yaƙin neman zaɓe a wani filin baje kolin amfanin gona a Butler, jihar Pennsylvania, sai aka ji ƙarar harbi. Wani matashi ɗan shekara 20 ne ya hau rufin wani gini da bai kai mita 150 daga dandamalin ba, ya saki harsashi takwas. Ɗaya ya shafci saman kunnen Trump na dama. Wani tsohon shugaban 'yan kwana-kwana da ya zo sauraro da iyalinsa ya rasu, mutum biyu suka ji mummunan rauni, masu tsaro kuma suka harbe maharin nan take. Jami'an suka rufe Trump da jikinsu, da suka ɗago shi ya dunƙule hannu sama, jini na bin kumatunsa, tutar Amurka a bayansa. Mai ɗaukar hoto na kamfanin AP, Evan Vucci, ya kama wannan daƙiƙar, kuma kafin asuba hoton ya shiga kowane zauren WhatsApp a Kano.

Da shirin BBC Hausa na ƙarfe 6 da rabi na safe ya zo, majalisu sun riga sun rabu. Wasu suka ce shiri ne don neman ƙuri'a, wasu suka ce wa zai yarda a auna kansa da bindiga don wasan kwaikwayo. Masu karatun tarihi suka tuna cewa Amurka ta binne shugabanni huɗu da aka harbe: Lincoln a 1865, Garfield a 1881, McKinley a 1901, Kennedy a 1963, Reagan kuma ya sha da ƙyar a 1981. Trump ɗin ba baƙo ba ne a bakin mutanen nan. Shi ne ya hana 'yan wasu ƙasashen Musulmi shiga Amurka a 2017, ya amince da Ƙudus a matsayin babban birnin Isra'ila a ƙarshen shekarar, ya sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da aka taƙaita wa bizar zama a 2020. Shi ne kuma ya yarda a sayar wa Najeriya jiragen yaƙi 12 samfurin Super Tucano, ya karɓi Buhari a fadarsa a Afrilun 2018.

Dattawa kuwa wani abu dabam hoton ya tuno musu. A ranar 19 ga Janairun 2013, a nan Hausawa kusa da titin Zoo, 'yan bindiga suka buɗe wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero wuta yana dawowa daga taron saukar Alƙur'ani. Dogarai suka kare shi da jikinsu, wasunsu da direbansa suka rasu a wurin, Sarki ya tsira. Wanda ya ga jami'an Butler sun kifa a kan Trump, in dai Bakano ne mai shekaru, sai ya tuna masu jajayen rigunan nan.

Abin da ya dami duk mai bin labarai da zuciya a wannan Lahadi shi ne yadda allon ya cika da kunne guda. Manyan tashoshin duniya sun wuni suna maimaita daƙiƙu talatin na Butler, suna zana taswirar rufin, suna auna tazarar harsashi. Harin babban labari ne, ba mai musun haka, domin yana iya juya zaɓen ƙasar da ta fi kowace ƙarfi. Amma mutum 90 na Mawasi sun koma siririn rubutun da ke gudu a ƙasan allo, yara 22 na Busa Buji kuwa ko nan ba su samu ba. Abin da ya fi ciwo, a gida ma haka aka yi. Kwana biyu da rushewar makarantar, waɗanda ke iya faɗin sunan garin Butler a majalisa sun fi waɗanda ke tambayar wa ya ba da izinin ɗora benen Jos, alhali a kowace unguwa akwai makarantar kuɗi da aka buɗe a gidan haya mai irin wannan gini, kuma gobe Litinin yara za su hau shi.

Lahadi da dare: benci ya cika

Wasan tanis na Wimbledon, inda Carlos Alcaraz ya lallasa Novak Djokovic da ƙarfe 2 na rana ba tare da ya bar masa zagaye ko ɗaya ba, bai tara kowa ba a Kano. Amfaninsa kawai, ya ba magoya bayan Sifaniya abin tsokana tun kafin magariba.

Ana sallame isha'i aka fara turereniya. Gidan kallo a Kano yawanci rumfar kwano ce ko shago mai tsawo, talabijin biyu ko uku a gaba, benci a jere, ƙofa da labulen buhu, mai karɓar kuɗi a tsaye da canji a hannu. Mai gidan yana biyan kuɗin tasha duk wata, wanda ya ƙara tashi a watan Mayu, ga fetur, ga haya, kuma ba ya iya ƙara kuɗin shiga yadda yake so don kada 'yan kallo su koma rumfar mai shayi. A waje mai tsire da mai awara da mai rake sun kafa fitilunsu.

A wurin nan ba tutar ƙasa ake bi ba, kulob ake bi. Ɗan Arsenal yana Ingila saboda Saka da Rice, ɗan Manchester United saboda Mainoo, ɗan Barcelona yana Sifaniya saboda Lamine Yamal. 'Yan Madrid ne suka rasa tudun dafawa, ga Bellingham a can ga Carvajal a nan, haka ma 'yan Chelsea tsakanin Palmer da Cucurella. Rabin farko ya wuce babu ci, har aka fara hamma. Da aka dawo hutu sai aka ga babu Rodri, ya ji rauni, Zubimendi ya maye gurbinsa, magoya bayan Ingila suka gyara zama. Minti biyu ba su cika ba Yamal ya kutso daga dama ya miƙa wa Nico Williams, shi kuma ya shimfiɗa ta a kusurwar raga. Benci ya kife, na baya suna ihun a zauna.

Waɗannan yara biyu su ne labarin gasar. Williams ya cika shekara 22 ranar Juma'a, Yamal ya cika 17 ranar Asabar. Mahaifin Yamal ɗan Maroko ne, mahaifiyarsa 'yar Equatorial Guinea, kuma lambar 304 da yake nunawa da yatsu idan ya ci ƙwallo ƙarshen lambar gidan waya ce ta Rocafonda, unguwar talakawa da baƙi inda ya tashi. Iyayen Williams kuwa daga Gana suka taso, suka keta Sahara, wani wuri a mota wani wuri a ƙasa, har suka haura shingen Melilla, uwar tana ɗauke da cikin yayansa Iñaki, wanda aka haifa a Bilbao a 1994 kuma yake buga wa Gana wasa. A garin da kowa ya san wani da ya bi ta Agadas bai dawo ba, wannan tarihi ba ya buƙatar dogon bayani. A ɓangaren Ingila ma haka: iyayen Saka da na Eze 'yan Najeriya ne, na Mainoo 'yan Gana, Guehi kuma a Abidjan aka haife shi.

Kocin Ingila Southgate ya cire kyaftin Harry Kane bayan sa'a guda, ya sako Watkins, sannan Palmer. A minti na 73 Saka ya gangaro, Bellingham ya ajiye, Palmer ya ɗaɗa ta daga wajen da'ira ta shige. Ihun da aka yi a nan ya fi na farko, domin 'yan Firimiya sun fi yawa a kowane benci. Minti goma sha uku suka yi suna murna. A na 86 Cucurella ya kwanto ƙwallo daga hagu, Oyarzabal ya zame ya tura ta, aka ɗan tsaya duba satar gida, aka ce ta ci. Dab da tashi Ingila ta sami kwana, gola ya ture kan Rice, Guehi ya sake sa kai, Dani Olmo ya fitar da ita a kan layi. Sifaniya ta ɗau kofin karo na huɗu, bayan na 1964 da 2008 da 2012, ta ci duk wasanninta bakwai. Ingila ta faɗi wasan ƙarshe na biyu a jere, kuma ranar Talata Southgate ya ajiye aiki.

Yawancin mutane suka watse wajen ƙarfe 10. Masu taurin ido, galibinsu masoya Messi, suka zauna, mai gidan ya kashe inji don ya huta. Ƙarfe 1 ta yi ba a fara ba. A filin Hard Rock na Miami dubban marasa tikiti sun ɓalle ƙofofi, wasu har ta bututun iska suke kutsawa, yara da mata suna suma a cikin matsi, aka jinkirta wasan fiye da sa'a guda. Da aka fara, aka kuma tsawaita hutun rabin lokaci don Shakira ta yi waƙa, fetur kuwa yana ta ƙonewa a Kano. Messi ya gurɗe a idon sawu, aka fitar da shi a rabi na biyu, kyamara ta nuna shi a benci yana kuka, ƙafar ta kumbura suntum. Sai a minti na 112 Lautaro Martínez ya ci, Ajantina ta ɗau kofin karo na 16, Di María ya yi bankwana da rigar ƙasarsa, Kolombiya kuma ta ga ƙarshen wasa 28 da ta jera ba a doke ta ba. Lokacin da 'yan kallon suka fito, ladanai sun fara kiran asuba. Wasu daga rumfar suka wuce wajen alwala.

Litinin ba ta jira kowa ya rama barci ba. Hukumar Ƙididdiga ta fitar da alƙaluman watan Yuni: hauhawar farashi kashi 34.19 cikin ɗari, na abinci kashi 40.87. A Babbar Kotun Jihar Kano, Mai Shari'a Amina Adamu Aliyu ta haramta wa Aminu Ado Bayero da sauran sarakuna huɗu da aka sauke kiran kansu sarakuna, a rikicin da ya bar birnin da Muhammadu Sanusi II a Gidan Rumfa da Aminu a gidan Nassarawa tun watan Mayu, har ya hana hawan Babbar Sallah. A Milwaukee, Trump ya shigo taron jam'iyyarsa da farin bandeji a kunne, ya zaɓi J.D. Vance mataimaki. A Jos ana rana ta uku ta makoki, iyaye na kwana a barandar asibiti.

Ranar ta dace da 9 ga Muharram, mutane da dama suna azumin Tasu'a. A cikin gidaje an fara sauko da busasshen kan rago da wutsiyar layya da aka adana don cika-ciki, taubasai suna bin juna bashin kuɗin shara. Mai gidan kallo ya zazzage ledar canjinsa a kan benci, ya ware kuɗin mai, ya ware na tasha, ya dubi abin da ya rage. Firimiya ba za ta dawo ba sai 16 ga Agusta. Yaron gida ya goge allon ya jingine shi a bango, ya zauna yana latsa waya, inda wata sanarwa ta fara yawo daga zaure zuwa zaure, ta zanga-zangar tsadar rayuwa da aka sa wa ranar 1 ga Agusta.